Karatu da Sharhi a Sana'ar Marubucin Ƙagaggun Labarai

Gabatarwa

A cikin ƙagaggun labarai akwai wani kaso wanda mai karatu yakan san irin abin da zai tarar tun bai buɗe littafin ba. Wanda ya sayi littafin soyayya ya san zai gamu da saurayi da budurwa, da kuma wani abu da ya gitta tsakaninsu. Wanda ya sayi labarin binciken laifi ya san za a yi kisa ko sata tun da fari, a ɓoye mai laifin, sa'an nan a tona asirinsa a ƙarshe. Haka abin yake ga labaran jarumtaka da na leƙen asiri. Irin waɗannan su ne za a kira labarai masu sanannen zubi a wannan lacca, domin zubinsu ya riga marubucin zuwa, shi iske shi ya yi.

Galibin masu rubuta irin waɗannan labarai da alƙalaminsu suke cin abinci, ko kuwa suna tallafa wa albashinsu da shi. Saboda haka manazarta suka daɗe suna yi musu kallon 'yan tireda, waɗanda ba su da wani ilmi sai na sanin abin da kasuwa ke so. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa a nan shi ne, sana'ar tana da ilminta, kuma ana samun ilmin ta hanyar karatu da sharhi kafin a kai ga rubutu. Sharhi kuwa, wanda shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne yake mai da yawan karatu ya zama gwaninta. Za a ɗauko misalai daga labaran binciken laifi na Ingila da Amurka, saboda tarihinsu a rubuce yake dalla-dalla, daga nan a waiwayo littattafan Hausa.

Alkawarin da ke cikin zubi

Yaron da ya zauna gaban kakarsa da dare ya san Gizo zai yi wayo, ya kuma san wayon zai iya komowa kansa. Sanin nan bai taɓa rage masa daɗin tatsuniya ba. Abin da yake jira shi ne ya ji ta wace hanya za a bi a wannan karon. Idan mai tatsuniya ta mai da Gizo salihi mai gaskiya tun daga farko har ƙarshe, yara za su ce ta ɓata. To, haka sanannen zubi yake. Alkawari ne tsakanin marubuci da mai karatu, kuma mai karatu ya biya kuɗinsa ne bisa wannan alkawari.

Marubutan labaran binciken laifi sun kai ga rubuta nasu alkawarin a takarda. Cikin 1928 wani Ba'amurke mai rubutu da sunan S. S. Van Dine ya fitar da ƙa'idoji ashirin. Cikin 1929 Ronald Knox, wani limamin Katolika na Ingila wanda shi ma marubuci ne, ya fitar da goma. Daga cikin na Knox akwai cewa lalle a ambaci mai laifin tun a farkon labari, kada a warware asiri ta hanyar tsafi ko aljanu, kuma duk alamar da mai bincike ya tsinta a nuna wa mai karatu ita nan take. Cikin 1930 aka kafa ƙungiyar marubutan wannan fanni a Landan, G. K. Chesterton ya zama shugabanta na farko, 'yan ƙungiyar kuma sukan yi rantsuwa cewa ba za su yaudari mai karatu ba.

Amma gwani ba ya tsayawa ga bin ƙa'ida kawai. Cikin 1926 Agatha Christie ta fitar da The Murder of Roger Ackroyd, ta ɓoye mai kisan a wurin da ba wanda ya saba dubawa. Wasu masu karatu suka ce ta ci amanarsu. Dorothy L. Sayers, abokiyar sana'arta, ta kāre ta da cewa ba ta faɗi ƙarya ko ɗaya ba, kuma aikin mai karatu ne ya zargi kowa. Christie ta iya yin haka ne domin ta karanci zubin har ta san inda idon mai karatu ba ya kaiwa. Wanda bai san ƙa'ida ba, ba shi da ikon lanƙwasa ta.

Karatun mai sana'a

Karatu iri biyu ne. Akwai na mai neman nishaɗi, wanda labari ke ja kamar ruwa ya ɗauki kara. Akwai kuma na mai sana'a, wanda yake kama da na tela idan ya ga riga ta burge shi: sai ya juya ta ciki ya dubi ɗinkin.

Raymond Chandler misali ne mai kyau. Yana da shekara 44 aka sallame shi daga aikinsa a wani kamfanin mai a Amurka cikin 1932, lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye. Ya dubi mujallu masu araha da ake bugawa a kan takarda maras kyau, musamman Black Mask, ya ga ana biyan marubuta kimanin santi ɗaya a kan kowace kalma. Bai fara da rubuta nasa ba. Ya ɗauki wani labari na Erle Stanley Gardner ya taƙaita shi filla-filla, ya ajiye na asalin, ya sake rubuta labarin daga taƙaitawar, sa'an nan ya gwama nasa da na Gardner don ya ga inda ya gaza. Labarinsa na farko ya fito a watan Disamba na 1933 bayan ya shafe wata biyar yana aikinsa, aka biya shi dala 180. Littafinsa na farko, The Big Sleep, sai a 1939 ya fito.

James Hadley Chase, wanda ɗalibai da ma'aikatan Nijeriya suka yi ta karantawa a shekarun 1970 da 1980, shi ma ɗan karatu ne. Baturen Ingila ne mai sana'ar sayar da littattafai. Ya lura da irin labaran 'yan ta'addan Amurka da jama'a ke rububi, ya karance su, ya nemi taswira da ƙamus na karin maganar Amurkawa, ya rubuta No Orchids for Miss Blandish cikin 1939 ba tare da ya taɓa zama a ƙasar da yake ba da labarinta ba. Wannan yana nuna ƙarfin karatu, yana kuma nuna iyakarsa. Amurkar Chase daga littattafai aka gina ta, wanda ya san ƙasar kuwa yakan gane.

Ba sai an je nesa ba ma. Alhaji Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina lokacin da ya shiga gasar da Rupert East ya shirya cikin 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja. Da za a rubuta Magana Jari Ce, an tara masa littattafan hikayoyin Larabawa da na Indiya da na Turai a Zariya, ya karance su, ya narkar da su, ya zuba su a bakin aku cikin Hausar da har yau ake koyi da ita. Karatun mai sana'a ke nan. Bambancinsa da Chase shi ne, Imam ya ɗauko zubi daga waje ya cika shi da mutanen da ya sani, sarki da waziri da bafade da ɗan kasuwa.

Sharhi

Mutum yana iya karanta littafi ɗari ya tashi da jin cewa wannan ya yi daɗi, wancan bai yi ba, ba tare da ya san dalili ba. Ranar da aka ce ya rubuta dalilin a takarda, jama'a su karanta, marubucin littafin ma ya karanta, ranar ce zai san ko ya gane. Amfanin sharhi ga marubuci ke nan: yana tilasta masa ya mai da jin zuciya ya zama hujja, hujjar kuwa ita zai tarar tana jiransa idan ya koma kan nasa rubutun.

Shi kansa wanda ake cewa ya ƙago labarin binciken laifi mai sharhi ne. Edgar Allan Poe yana aikin edita da sharhin littattafai a mujallar Graham's a Filadelfiya lokacin da ya fitar da The Murders in the Rue Morgue a watan Afrilu na 1841. A shekarar nan Charles Dickens yana fitar da Barnaby Rudge kashi-kashi, labarin kuma yana da asirin kisa a cikinsa. Poe ya karanta surorin farko, ya rubuta sharhi inda ya nuna wanda ya yi kisan tun labarin bai yi nisa ba. Da littafin ya kammala ya sake yin wani sharhin cikin 1842. A nan ya kafa wata ƙa'ida da har yanzu ake aiki da ita: mutanen cikin labari suna iya yin ƙarya ko kuskure, amma marubuci ba shi da izinin faɗin ƙarya da bakinsa. Ya kama Dickens da laifin kiran wata mata gwauruwa da muryarsa ta mai ba da labari, alhali ya san mijinta yana da rai. Ƙaramin abu ne a ido, amma a kansa amincin fannin duka ya rataya.

Dashiell Hammett ya shigo da wani ma'aunin dabam. Ya yi shekaru yana aikin bincike a kamfanin Pinkerton kafin rashin lafiya ta mai da shi marubuci. Cikin 1927 ya yi sharhin littafin farko na Van Dine, mai ƙa'idoji ashirin ɗin nan, ya nuna cewa da an bar 'yan sandan cikin labarin sun bi matakan aikinsu na yau da kullum, da sun gano mai laifin nan da nan. Cikin 1930, shekarar da ya fitar da The Maltese Falcon, yana da fili na sharhi a wata jaridar Niyok, inda ya jera kurakuran da marubuta ke yi game da bindigogi da raunuka da zanen yatsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba wani shehin malamin adabi da zai iya yin wannan gyara, domin sai wanda ya yi aikin ya kuma yi rubutun.

Wadda ta fi kowa jure wa wahalar sharhi ita ce Sayers. Ta yi karatu a Jami'ar Okasfod, ta yi kusan shekara tara tana rubuta tallace-tallace a wani kamfani a Landan, har littattafanta suka kai ga riƙe ta cikin 1931. Daga tsakiyar 1933 zuwa 1935 ta riƙa yi wa jaridar Sunday Times sharhin sababbin labaran binciken laifi kowane mako, har suka kai ɗaruruwa. Ba ta taɓa raina fannin ba, shi ya sa ba ta sassauta masa ba. Takan duba ko makircin labarin zai yiwu, ko mutanen suna magana kamar masu rai, har takan ware wuri ta nuna jimlar da ta fi kowace muni a makon. A cikin waɗannan shekaru ne ta fitar da The Nine Tailors a 1934 da Gaudy Night a 1935, waɗanda da yawa ke ɗauka su ne ƙololuwar aikinta. Na biyun ma ba a kashe kowa a cikinsa ba. Wanda ya ga gawa ɗari uku a littattafan wasu, ba mamaki ya tambayi kansa ko labarin zai iya tsayuwa ba tare da ita ba.

Inda sharhin marubuci yake tuntuɓe

Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hangi na wani. Marubucin da ke sharhi yana da cuta guda wadda ba ta rabuwa da shi, watau ya auna kowa da mudunsa. Cikin 1944 Chandler ya fitar da maƙalarsa mai suna The Simple Art of Murder. A ciki ya ɗauki The Red House Mystery na A. A. Milne ya warware shi zare-zare, ya nuna ɗaya bayan ɗaya abubuwan da likita da 'yan sanda za su bincika a kan gawa, waɗanda da an bincika da labarin ya rushe. Hujjojinsa masu ƙarfi ne. Sai dai ya zarce ya yanke wa salon Ingila gaba ɗaya hukunci saboda bai yi kama da rayuwar titi ba, alhali masu karanta salon ba rayuwar titi suka zo nema ba, wasa ƙwaƙwalwa suka zo yi. Akwai kuma nauyin ido. Sayers tana cin abinci teburi ɗaya da yawancin waɗanda take yi wa sharhi. Ga shi kuma mai sharhin irin wannan labari ba shi da damar tona ƙarshensa, ko da a can aibin yake.

Duk da haka, tuntuɓen na ciki ya fi na waje sauƙi. A 1944 da 1945 Edmund Wilson, ɗaya daga cikin manyan matarkan Amurka, ya rubuta maƙaloli a mujallar New Yorker yana cewa karanta labaran binciken laifi ɓata lokaci ne, ɗabi'a ce kamar shan taba. Ya karanta kaɗan, ya yanke wa duka hukunci. Ba marubucin da ya koyi wani abu daga wannan, domin wanda aka ce masa sana'arsa banza ce ba a nuna masa inda zai gyara ba. Milne kuwa, ko ya ji zafi, an nuna masa.

Littattafan Hausa

Wannan bambanci shi ne ya shafi adabin Hausa kai tsaye. Cikin 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, dukansu a kan soyayya. Cikin 1982 aka sami Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, labarin ta'addanci da makamai. Daga tsakiyar shekarun 1980 abubuwa biyu suka haɗu. Shirin ilmin firamare na kowa da kowa da aka fara a 1976 ya yaye dubban matasa masu iya karatun boko, tattalin arziki kuma ya taɓarɓare har manyan kamfanonin ɗab'i suka janye daga buga ƙagaggun labarai. Sai marubuta suka shiga kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu, suna raba labari ɗaya littafi na ɗaya da na biyu da na uku, cinikin na ɗaya ya buga na biyu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kwikwiyo Ne a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka kafu a Kano. Waɗannan su ne marubuta masu cin abinci da alƙalami a ainihin ma'anar kalmar.

Muhawarar da ta biyo baya a jaridu cikin shekarun 1990 ta yi zafi. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa littattafan sunan Adabin Kasuwar Kano yana sukar ingancinsu, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya musu. Muhawarar ta yi amfani, domin ta sa jami'o'i sun waiwayi littattafan. Amma galibinta a kan kason ne dungurungum: shin adabi ne ko ba adabi ba, yana gyara tarbiyya ko yana ɓata ta. Cikin 2007 har ƙona wasu littattafan aka yi a bainar jama'a a Kano. Hukuncin jimla irin wannan, na yabo ne ko na suka, yana haɗa gwani da ɗan koyo a buhu ɗaya.

Abin da ya fi amfani ga marubuci shi ne a ɗauki littafi guda a tambaye shi alkawarin da ya ɗauka. A In Da So Da Ƙauna, Sumayya 'yar masu hali ce da ke son Muhammad talaka, aka nufi aurar da ita ga mai kuɗi, har ta faɗa rijiya. Tambayar mai sharhi ita ce ko an gina halinta yadda mai karatu zai yarda ta kai ga haka. A Alhaki Kwikwiyo Ne, Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta saboda amarya, ta riƙe gidanta da sayar da abinci, daga baya dukiyarsa ta ƙone aka matsa mata ta koma. A nan sai a tambaya ko komawar nan sakayya ce ga Rabi ko kuwa wani sabon nauyi ne marubuciyar ke nuna wa mai karatu. Amsar irin waɗannan tambayoyi ita ce za ta koya wa marubuci na gaba wani abu.

Ba kuma za a kwaso ƙa'idojin Knox a ɗora wa Hausa ba. Shi ya hana aljanu shiga labari, alhali mai karatun Hausa ya saba da su tun daga Ruwan Bagaja, kuma boka yana cikin zubin labarin kishi. Abin da za a ɗauka shi ne tushen ƙa'idar: kada marubuci ya jawo aljani a shafin ƙarshe don kawai ya rasa yadda zai kwance ƙullin da ya ɗaura. Wanda zai iya bambance aljanin da labari ke bukata da aljanin gudun wahala shi ne wanda ya taɓa shiga wannan matsatsi da alƙalaminsa.

Kammalawa

Hanyar fitar da labari ta sauya. Da yawa daga cikin labaran Hausa yanzu ta wayar hannu ake karanta su, gasa irin Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016, ta fito da sababbin marubuta mata. Yawan rubutu ya ƙaru, saurinsa ma ya ƙaru, saboda haka bukatar mai tsayawa ya duba ɗinki ta fi ta da. Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa malaman makaranta ne lokacin da suka rubuta littattafansu na farko, ba abin da zai hana ɗalibi ko ma'aikacin yau bin sawunsu. Sai dai wanda ya yi niyyar haka ya kamata ya fara da ɗaukar littafin da ya burge shi, ya rubuta shafi biyu a kan dalilin da ya sa ya burge shi da inda ya yi rauni, ya kuma yarda a yi wa nasa haka idan ya fito. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.